Sallama ta Uku

Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, Mushe Isaka ya daina sauraren labarai. Shekara talatin ya yi yana koyar da tarihi a lakwal, wato makarantar boko, ya ce ya riga ya karanta wannan babi, kuma ko a karon farko bai yi daɗi ba. Damuwarsa tana cikin ɗakinsa a unguwar Talladjé: matarsa Tabawa, wata bakwai tana kwance, ƙafafu sun daina ɗaukarta. Abu ɗaya take roƙo, a kai ta ƙauyensu a ƙasar Tahoua ta ga gidan ubanta kafin ta cika. Likita ya ce ko tasha ba za ta kai ba.

Wata Asabar da hantsi ƙaninta Harouna, mai shago a kasuwa, ya shigo da kwali. A ciki wani tabarau ne mai kaurin bulo, da maɗauri. Guda ashirin ya sayo daga waje, yana zaton masu hali za su ajiye shi a falo kamar talabijin. Ko ɗaya bai fita ba.

"Mushe, kai da ka san komai, mutane za su saya kuwa?"

"A garin da wuta ke leƙowa ta gudu? Mutum bai ga hatsi a rumbunsa ba, kai kana son ya biya ya ga teku."

"Ai ba teku na kawo ba."

Ashe makon jiya ya je ƙauye da wata kyamara mai ɗaukar ko'ina a lokaci guda, ya kafa ta a ƙofar gidan ubansu, ya ɗauko bidiyon gidan. Wanda ya sa tabarau sai ya ga kamar shi ne a tsaye a wurin.

Isaka bai so ba, amma ya tallafo Tabawa ya jingina ta da matashi. Harouna ya ɗaura mata abin a kan kallabi.

Ta juya kai hagu, ta juya dama.

"Ga aduwar nan. Rumbu a buɗe yake. Harouna, ina awakin?"

"An sayar, Yaya. Bana ruwa bai zo ba."

"Ga Yaya Adama can tana tankaɗe. Ta rame."

Sai ta gyara mayafinta, ta ce, "Salamu alaikum."

Harouna ya buɗe baki zai yi dariya, Isaka ya riƙe masa hannu. Tabawa ta jira. Ta sake yi, da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Malam," ta ce, "ba ta amsa ba. Kuma ta dubo wajena."

Isaka ya san matarsa. A gidansu sallama uku ce, in ba a amsa ba sai mutum ya juya, ko da gidan uwarsa ne. Ya san kuma in ta juya yau, babu bayanin na'ura da zai cire mata cewa gida ya rufe mata ƙofa. Da wannan za ta kwanta.

"Dakata, kada ki yi ta uku," ya ce. "Kin san kunnen yayarki. Bari ta ajiye rariya."

Ya fita tsakar gida da salula. Kira na farko bai shiga ba. Na biyu ya yi ta ƙara har ya fara zagin kamfanin a zuci, sannan aka ɗauka.

"Yaya Adama, Isaka ne. Kada ki tambaye ni komai. Ƙanwarki tana tsaye a ƙofarki, za ta yi sallama. Ki amsa."

"Jikin ne ya tashi?"

"Ki dai amsa."

Ya dawo ya zauna a bakin gado, ya kara salula kusa da kunnenta. "To, yi yanzu."

"Salamu alaikum."

Ta layin aka jiyo kukan wata kaza daga nesa. Can muryar tsohuwar ta fito.

"Wa alaikumus salam. Tabawa, ke ce a tsaye cikin rana? Shigo mana, maraba."

Tabawa ta saki numfashi. Hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin tabarau.

"Sau biyu ina sallama, kina ji kina tankaɗe."

"Tsufa ne, ƙanwata. Ke ma kina hanya."

Suka shiga gaisuwa, ina gida, ina gajiya, ina ruwa. Ruwa sai addu'a. Suka bi dangi ɗaya bayan ɗaya, rayayyu da waɗanda suka riga mu. Harouna ya raɗa cewa batirin tabarau ya kusa ƙarewa, Isaka ya ce masa to ya rufe baki kada ya ƙarasa shi. Hannunsa ya yi tsami da riƙon salula, amma bai sauya ba, don kada muryar ta matsa daga inda Adama take zaune a cikin tabarau.