Darasin Faɗuwa

Tun ranar da Alhaji Ashafa ya zame a matakalar gidansa na Old Trafford, goshinsa bai sake taɓa ƙasa ba. Ƙugun da ya bugu ya warke sarai, likitansu ya duba hoton ƙashi ya ce babu sauran matsala, amma ina! Wanda ya daɗe yashe a ƙasa yana ƙwala wa matarsa kira ba ya jin zancen hoto. Tsoronsa ɗaya ne, ya durƙusa ya kasa tashi. Sai ya koma salla a kan kujera, yana sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi, abin kuwa yana cinsa a rai. Sujada yake kewa, irin ta gaske.

Da suka je Birmingham wajen 'yarsu Latifa a Erdington, abokinsa Gimba ya zo ɗaukarsa da hantsi. Gimba likita ne mai ritaya, tare suka tashi a Zariya, kuma komai nasa ya tsufa ban da bakinsa.

Ya kira shi da sunan tsokanar da ya saba: "Akawu, sa rigar sanyi mai kauri. Yau zan kai ka inda tsofaffi ke wasa."

"Wane irin wasa kuma?"

"Kai dai shiga mota."

Wani ƙaton zaure suka shiga, daɓensa ƙanƙara ce fara tas. Ga tsofaffi nan maza da mata, furfura ko'ina, suna sulalawa a kan takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa. Ashafa ya ja ya tsaya.

"Gimba, kanka ɗaya kuwa? Ni da kafet ɗin matakala ya kayar za ka kawo kan ƙanƙara?"

"Tun da matata Aishatu ta rasu nake zuwa nan, every week," in ji Gimba yana ɗaure igiyar takalmi. "Ko nan, ko in zauna ina hira da talabijin."

Wannan maganar ce ta sa Ashafa ya bari aka sa masa takalman. Ya shiga yana riƙe da shingen gefe, riƙo ba na wasa ba. Mai koyarwar, Catherine, wata dattijuwa ce da ba ta fi su ƙuruciya ba. Ta gaishe shi, ta ce darasin farko shi ne faɗuwa, don ba ta barin kowa ya matsa gaba sai ya iya faɗuwa ya kuma iya tashi.

"Ka gaya mata na riga na yi wannan course ɗin a gida," in ji Ashafa.

Gimba ya ƙyalƙyale da dariya, ya saki jiki ya zube tim, ƙafafu a sama, tsoho guda da jikoki! Daga nan kwance ya ce, "Ka tuna gangaren Kubanni?"

Yo ya za a yi ya manta? Da damina, in ruwa ya ɗauke, laka takan yi santsi a bakin rafin. Su tuɓe riguna, su sheƙo da gudu daga sama su zame har cikin ruwa, wani kan wani. Faɗuwa nawa suke yi a yini? Wa ma yake ƙirgawa! Su koma gida jajur da laka, wando ya yage ta baya, Inna ta tare su da muciya, gobe kuma su koma. A lokacin ƙasa ba abin tsoro ba ce, wajen wasa ce. Kewar yaran nan biyu ta kama shi har ya manta ya sassauta riƙon da ya yi wa shingen.

Sai ƙafafun suka yanke masa hukunci. Kafin ya ce wani abu, ga shi zaune daɓas, sanyi na ratsa wandonsa. Tsohon tsoron nan ya taso masa. Ya miƙa wa Gimba hannu.

Gimba ya mayar da nasa hannayen baya. "Wallahi ba zan ɗaga ka ba."

Catherine ta durƙusa kusa da shi tana nuna masa a hankali: ya juya ya tsaya a kan gwiwoyi, ya kafa ƙafa ɗaya, ya dafa gwiwar da hannu biyu, ya tura. Ya gwada, ya koma. Ya sake, ya koma, yana yi wa Gimba zagin da rabonsa da shi tun suna firamare. Can dai ya ciji leɓe ya tura, sai ga shi tsaye, yana haki, ba wanda ya taɓa shi. Catherine ta ce madalla, yanzu ya sake faɗuwa. Haka suka yi ta yi har azahar ta kawo jiki.

A wani masallaci da ke Sparkbrook suka tsaya. Kujerun tsofaffi na jere a ƙarshen sahu. Ashafa ya dube su, ya wuce, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Gimba.

Liman ya yi kabbarar sujada. Gwiwoyin Ashafa suka yi ƙara, tafukansa suka sauka, sannan goshi. Hawaye suka jiƙa kafet ɗin. Sahu duka ya ɗago, shi bai ɗago ba. Sai da liman ya kusa komawa sujada ta biyu ya zauna, kuma da aka miƙe, ya dafa gwiwa ya miƙe tare da jama'a.

Bayan sallama Gimba ya matso, fuskarsa ba alamar wasa.

"Ka tsorata ni, mutumina. Na ɗauka ka kasa ɗagowa ne."

Ashafa ya share ido da bakin hannun riga.

"Ba kasawa na yi ba, Gimba. Na daɗe ban zo wurin ba ne."