Baƙon da Mama Ta Ɓoye a Gora

Da hantsi ne, rana ta fara cizo, iska kuma ta ɗauke ɗif, ko ganyen kwakwa ba ya motsi. Teku ya janye can nesa kamar yadda yake yi in wata ya cika, ya bar mata tsugune a gonakinsu, ruwa iya idon sawu. A lokacin ne Dada Zuhura ta sauka daga motar birni da jaka a kafaɗa, ta ce ni take nema.

Sunana Pandu. Ban yi nisa a makaranta ba, amma a ƙauyenmu na gabashin tsibirin Unguja in ana neman mai nutso, ƙofarmu ake bugawa. Ba don alfahari na faɗa ba. To, da ɗan alfahari a ciki.

Shekarar ba ta zo mana da daɗi ba. Mwani, ciyawar tekun da matanmu ke ɗaurawa a igiya su noma, ya kama ruɓewa. Reshe sai ya yi fari, ya yi laushi, ya tsinke ya bi ruwa. Irin da kowa ya ɗaura kuwa daga hannun mahaifiyata ya fito, Bi Mwatima, don ita ta je har tsibirin Pemba ta kawo, ta raba wa 'yan ƙungiya. Bi Riziki, wadda gonarta ke manne da tamu, ita ta fara cewa Mama ta kawo musu iri mai cuta. Magana ta bi gari. Mata suka daina tsayawa hira a gonarmu, har aka sa ranar taron da za a sauke Mama daga shugabancin ƙungiyar da ita ta kafa. Tun daga nan ta daina waƙa in tana kankare kwakwa.

Dada Zuhura daga ofishin binciken teku take, kuma ita zafin ruwa take zargi. Ta buɗe jaka ta fito da abubuwa biyu masu ruwan ɗorawa, kowanne bai wuce akwatin ashana ba.

"Ma'aunin zafi ne," in ji ta. "Ba ya barci, ba ya mantuwa. Zai riƙa jin zafin ruwa yana adanawa a cikinsa. In na kawo wayata kusa, sai ya faɗa mata komai."

Na farko a tsakiyar gonar Mama na kafa shi. Na buga sandar ƙarfe cikin yashi har ta daina motsi, na ɗaure shi daidai tsayin igiyoyin mwani, inda ko ruwa ya janye iyakar janyewa ba zai fito fili ba. Dada ta ja da hannu, ta ga bai girgiza ba, ta gyaɗa kai. Na biyun muka kai shi da kwalekwale can wajen zurfi, na nutsa na ɗaure shi a jikin bulo. Ta ce in rataya igiya ɗaya ta irin Mama a gefensa, mu ga abin da zai faru. Na rataya.

Da muka dawo, Bi Riziki na tsaye da hannu a ƙugu.

"Shikamoo, Bi Riziki," na gaishe ta yadda muke gaida manya.

"Marahaba. Pandu, wannan layar ce za ta wanke uwarka? Ka ɗaure da kyau, kar kifi ya haɗiye muku shaida."

Mata suka yi dariya. Mama ba ta ko ɗago ba. Abin nan mai ruwan ɗorawa take kallo.

"Yanzu haka za ku bar shi a rana?" ta tambayi Dada.

"Aikinsa ke nan, Mama."

Da wata ya zagayo Dada ta dawo. Mata suka kewaye ta a cikin ruwa, ta kai wayarta kusa da sandar, wani layi ya fito a fuskar wayar yana hawa yana sauka. Ta daɗe tana dubawa, na ga ta tsuke baki.

"Da safe zafi yana hawa," ta ce. "Amma da rana ta take, sai ya faɗo ƙasa, ruwa ya yi sanyi ƙalau, sai can ya sake tsalle sama."

"To, ga shi nan!" in ji Bi Riziki. "Layarku ma ta ƙi ku. Ruwa lafiyarsa lau, iri ne ba shi da lafiya."

"Bi Riziki, teku ba ya yin sanyi da tsakar rana. Kuma ranakun da kuke fitowa gona kaɗai yake yin haka. Wani ne ke cire shi."

Ni dai zuciyata ta tafi kan Bi Riziki kai tsaye, amma na kama bakina, don ba a haife ni da saurin magana ba. Dada ta roƙi a ɗaga taron zuwa wani watan, aka yarda da ƙyar.

Washegari na zauna cikin kwalekwalena da ke kwance kan yashi, ina yi kamar ina ɗinkin koma. Bi Riziki ta zo ta wuce sandar, ko kallonta ba ta yi ba. Sai ga Mama. Ta ajiye kayanta, ta waiga hagu da dama, ta kwance ɗaurin da na yi, ta goge abin da bakin zanenta a hankali kamar fuskar jariri. Sannan ta buɗe gorar ruwan shanta mai faɗin baki, wadda take naɗewa da jiƙaƙƙen buhu don ta yi sanyi, ta jefa shi ciki ta rufe.

Na taka a hankali na tsaya a bayanta.

"Mama."

Ta zabura. "Kai, ɗan nan, za ka kashe ni!"

"Ina baƙonmu?"

Ta kalli gorar, ta kalle ni. "To ai ka faɗa da bakinka, baƙo ne. A gidan wa ka taɓa ganin an bar baƙo a rana? Sa hannunka ka ji ruwan nan, kamar na haɗa shayi. Kafin ruwa ya dawo nake mayar da shi, ɗauri irin naka sak." Ta rage murya. "In ya mutu a ciki fa? A ce uwa ta kashe mwani, ɗa ya kashe kayan gwamnati? Nawa sunan ya riga ya tafi, Pandu. Naka nake tarewa."

Na tsuguna kusa da ita.

"Mama, zafin nan da kike ceto shi daga ciki, shi aka aiko shi ya sha. In bai sha ba, ba shi da abin faɗa."

Ta juya maganar a ranta. "To duk kwanakin nan labarin wa yake kai wa birni?"

"Labarin gorarki."

Dariya ta kama ta har ta zauna daɓas cikin ruwa. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin mwani ya fara fari. Na ce mu mayar da shi shiru, ba sai kowa ya ji ba. Ta ce a'a. Ta miƙe, zane na ɗigar ruwa, ta ɗaga gorar sama.

"Ku ji, 'yan uwa! Ɓarawon da ake nema ni ce!"

Ta ba su labari tas, ba ta rage komai ba. Mata suka riƙe ciki. Bi Riziki ta ce, "Shi ya sa ranar da na sha ruwanki na ji gishiri. Na ɗauka shi ma daga Pemba kika kawo." Ita ma dariyar ta ci ƙarfinta, ko da ta juya baya don kar a gani.

Watan da ya biyo, Mama ba ta sake taɓa baƙon nata ba, amma ba da sauƙi ba. In rana ta take sai in ji ta tana cewa, "Ka yi haƙuri, baƙo, aiki ne ya kawo ka."

Ranar taro a bakin ruwa aka yi shi. Dada ta karanta na gona tukun. Layin ya hau, ya hau, bai faɗo ba.

"Talatin da takwas," ta ce. "Ya fi zafin jikin mutum. Ba irin da zai rayu a nan, ko daga ina aka kawo shi."

Na wajen zurfi kuwa bai kai talatin ba. Ni na nutsa na kwanto shi, na haɗo da igiyar nan da muka rataya. Da na jawo ta cikin kwalekwale sai da na sa hannu biyu. Mwani ya cika ta dam, rassa kauri-kauri, ba fari ko ɗigo. Na saɓa ta a kafaɗa na ratsa tsakiyar mata, ban yi sauri ba, na shimfiɗa ta a gaban Mama.

"Irinki ne," na ce, yadda kowa zai ji.

Aka riƙa miƙa hannu ana taɓawa. Ba wanda ya sake ta da maganar saukewa. Hira ta koma kan yadda za a kai igiyoyi wajen zurfi, da wa zai koya wa mata iyo, sai na ga duk idanu sun juyo kaina. Mama ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Sai ku biyo ta wajena, ɗana yana da ayyuka."

Ruwa ya fara dawowa, kowa ya shiga tattara kaya. Mama ta cusa jiƙaƙƙen mwanin nan a buhu, za ta raba shi iri, ta durƙusa ta ɗaga, buhu ya ƙi tashi. Ina can ina ɗaure kwalekwale, kafin in iso Bi Riziki ta ajiye nata kayan, ta kama gindin buhun ta aza wa Mama a ka, ta gyara mata gammo. Ta ɗauki kayanta ta bi bayan Mama, suka nufi tudu.