Muryar Tallar Katifa

"Yallaɓai, ba zan karanta shi haka ba."

Auta ta zare abin sauraro daga kunnenta, ta ajiye shi kusa da makirufo, ta harɗe hannu. Ta bayan gilashin da ya raba ɗakin ɗaukar murya da ɗakin na'urori, Manajan gidan rediyon ya dafe goshi. Injiniya kuwa ya sunkuyar da kai yana ta taɓa maɓallan da ba su nemi a taɓa su ba, kafaɗunsa na rawa.

Tallar katifa ce. Kalmomin ba su da laifi: katifa mai laushi, ba ta lotsawa, ba ta tara zafi. Rigimar tana gefen takardar, inda Mai Katifa ya rubuta da jan biro yadda yake so a faɗe su. A sauke murya, a ja numfashi kafin kowace jimla, a ɗan zuba shagwaɓa, a ƙarshe a ce "ina jiranka" kamar ana raɗa wa mutum a kunne.

Manaja ya danna maɓallin magana ya shiga lallashi. Ya ce ai ba mai ganin ta, murya ce kawai, kuma duk tashoshi haka suke yi. Yanzu ko mai sayar da taya sai ya nemo macen da za ta yi masa nishi. Auta ta ce ita ma tana jin su, shi ya sa take murɗa tasha. Ta ce shekarun da ta yi a jami'a aikin jarida ta koyo, ba darasin numfashi ba. In katifar na da kyau a faɗi kyanta, in kuma wani ake jira, to a gaya masa ya zo da wuri don shago na rufewa da yamma.

Abin da ke sa Manaja gumi, ita ma ta san shi. Mai Katifa ne ya ɗauki nauyin sabon shirin da ta tsara, wanda masu sauraro za su riƙa bugo waya suna yi wa likita tambaya. Watanni ta yi tana zaman benci a asibitoci har ta shawo kan likitocin da za su riƙa zuwa. Sharaɗin mutumin ɗaya ne: mai gabatar da shirin ita za ta yi tallar, da muryarta. Auta kuwa ta kasa hango yadda za ta gama sauraron uwa tana kukan zazzaɓin ɗanta, sannan ta juya da bakin nan ta ce wa mijin matar tana jiransa.

Washegari Mai Katifa ya zo da kansa, ƙaton mutum mai furfura a gemu, turarensa ya riga shi shiga ɗakin. Auta ta gaishe shi da ladabi, ta karanta masa tallar yadda ta ga ya dace, a sake, da fara'a. Ya saurara ido a rufe, ya buɗe ya ce wannan ai sanarwar ɗauke ruwan famfo ce. Ya ce 'yan boko sun iya karatu amma ba su san ciniki ba. Namiji ne ke sayen katifa, kuma namiji ba ya tsayawa sai an kira shi yadda yake so.

"Matsa, 'yata, in nuna miki."

Ya zauna a kujerarta har ta yi ƙara, ya matso da gemunsa jikin makirufo, ya lumshe ido. Ya ja wani dogon numfashi, ya siranta murya, ya karya wuya gefe guda, ya ce katifa mai laushi, ya ce yana jira. Injiniya, wanda hannunsa ya saba ɗaukar duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ya kuma maimaita shi don a ji, bai yi tunani ba ya sako muryar ta manyan lasifika.

Ɗakin ya cika da nishin dattijo. Manaja ya kama tari. Auta ta cije leɓe, ta kalli silin, ta tuno duk wani abin baƙin ciki da ta sani, amma ina. Dariyar ta ƙwace mata har da hawaye.

"Ranka ya daɗe," ta ce tana share ido, "ai ka fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Me zai hana a saka taka?"

Mai Katifa ya miƙe ya ɗauki makullin motarsa. A bakin ƙofa ya gaya wa Manaja, ba tare da ya dube ta ba, cewa ko yarinyar nan ta yi yadda ya ce, ko a nemo wata ta riƙe shirin.

A gida labarin ya zama abin nishaɗi. Yayanta ya riƙa bin kowa yana raɗa masa "ina jiranka", har kyanwa bai bari ba. Mama ta ce ita dai ba ta gane ba, numfashin da mutum ke yi kyauta dare da rana shi ne za a rasa aiki a kansa? Amma da Auta ta kwaikwayo mata yadda ake so a yi shi, sai ta rufe baki da gefen mayafi ta ce a'a, wannan kam ba numfashin lafiya ba ne.

Baba, mai gyaran agogo, shi ne bai yi dariya da wuri ba. Ya riga ya shaida wa duk masu shaguna a layinsu ranar da za a fara shirin 'yarsa, har tela ya yi alkawarin fito da babbar rediyonsa waje.

"To, Auta, me zan ce musu?"

"Ka ce musu 'yarka ta ƙi yin nishi, Baba."

Ya daɗe yana kallon ta ta saman tabarau, sannan ya murmusa ya ce da ma tun tana rarrafe ba ta juyuwa.

Ba a kore ta ba. Manaja ya ce hannunta na da tsabta, ya tura ta ɗakin ajiya ta riƙa kwashe tsofaffin kaset tana mayarwa kwamfuta. Ɗaki ne marar taga, fankarsa na juyawa kamar an roƙe ta. Kullum Auta takan zo da kwalliyarta tsaf, ta wuce ta gaban ofishin Manaja kai a sama, ta gaishe shi da muryar da ake ji har bakin titi. Injiniya yakan leƙo da shayi ya tambaye ta yaya mutanen dā da ke cikin kaset ɗin suke, ta ce masa sun fi na yanzu iya magana.

Shirin aka ba ƙawarta mai karanta gaishe-gaishe. Ta zo har ɗakin ajiya ta nemi afuwa, ta ce ita idan tana yin tallar, tukunyar da ta bari a wuta take tunawa, shi ya sa nishin ke fitowa da gaske. Suka yi dariya, Auta ta ba ta lambobin likitocin, ta gaya mata wanda ba ya son a katse shi.

Shirin ya karɓu, wayoyi ba sa yankewa. Ana yin sa da sunan wata, likitocin da Auta ta sha rana a kansu wata suke amsa wa, muryarta kuwa ba ta sake fita a rediyo ba, kuma ba wanda ya ce mata ga ranar da za ta fita.