Fataucin Farin Wata

Dela ta garin Geza ba ta yarda da abin da ba ta gani da idonta ba, wanda ta gani ɗin ma sai ta juya shi ta duba ƙarƙashi. Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga kore da fari, ita ba tuta ce ta dame ta ba. Ɗanta tilo, Na'Allah, ya daɗe da aure, amma matarsa Hamsatu ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Dela tana son jika, so har na ciwo, kuma ta fara zargin da gangan ake hana ta.

Na'Allah falke ne. Busasshen kifi yake kaiwa Dahome a kan jakai, ya dawo da gishiri da atamfa, da wannan fataucin gidan ke ci. Dokar tafiyarsa kuwa Dela ce ta kafa ta: ba ya fita sai wata ya yi haske, kuma kafin duhun wata ya kama ya dawo gida. Ubansa a duhun wata 'yan fashi suka tare shi cikin dajin iyaka, jakansa kaɗai suka dawo. Tun yaron bai yi gemu ba ta sa shi ya yi mata alkawari.

Wata safiya ta shiga ɗakin Hamsatu wai neman allura, alhali allurarta na soke a ɗankwalinta. Ta ɗaga tabarma, sai ga zare mai ƙulle-ƙulle a jere, wasu an rina su ja. Gabanta ya faɗi. Wa bai san da ƙulli ake ɗaure mahaifa ba? Ta mayar da shi yadda yake, amma daga ranar ko tari Hamsatu ta yi sai Dela ta auna shi.

Ranar kasuwar Bagudo yarinyar ta ce za ta sayo kanwa. Kanwa, alhali ga ta nan jibge a ƙwarya. Dela ta zare zaren daga ƙarƙashin tabarma, ta bi ta daga nesa, har ta ga ta shige gidan Mariyamu, ungozomar nan Badendiya da ta koyo aiki a Dahome wajen Faransawa. Dama ana ta raɗe-raɗin tana ba mata maganin Nasara na hana haihuwa. Dela ta faɗa gidan ko sallama babu, ta jefa zaren a tsakaninsu.

"Mi kika ɗaure ma ɗana da wanga?"

Hamsatu ta sunkuyar da kai don kunya, sai hawaye. Mariyamu ce ta shimfiɗa wa tsohuwa tabarma, ta ce ita ta sa yarinyar ta riƙa ƙulli ɗaya kowace safiya, jajayen kuwa kwanakin fashin salla ne. Ta ce kowace mace da ƙwayayenta aka haife ta, ƙanana ƙwarai, a ajiye gefe biyu na mahaifa. Duk wata ɗaya ke nuna, ya fito a tsakiya, tsakanin wanki da wanki. In bai gamu da na namiji ba, wuni da kwana ya lalace, daga baya jini ya zo ya share wurin.

Dela ta ce ita dai ɗanta ba kaza ya aura ba.

Mariyamu ba ta yi fushi ba. Ta ce watan Hamsatu kusan tare yake tafiya da na sama, ta ɗora yatsa a tsakiyar zaren. "Inna, nan ƙwan ka fitowa, tsakiyar farin wata. Ina mijinta yake sa'adda wata ya cika?"

Dela ta tashi ta kaɗe zanenta, tana cewa a ranta bakinsu ɗaya, sun shirya mata ne. Amma da ta koma gida ta sa ido da kanta, ba ta tambayi kowa ba. Wata ya tsaya, ta ga Hamsatu ta daina ɗaukar buta, ga Na'Allah kuwa zaune a gida yana gyaran akumarin jakai. Ta yi wanka bai daɗe ba ya kora jakai. Da wata ya cika ta ga yarinyar na dafe gefen mara, daidai inda aka ce ƙwan ke fitowa, tana daka, mijinta yana can bayan iyaka. Wata na biyu ma haka. Dela ta nemi inda ƙaryar take, ta rasa, kuma abin ya ƙona mata rai, don ta san wanda ya tsara tafiyar.

A wata na uku, da la'asar, ta iske shi yana ɗaure kaya. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, don haka jakin ta kalla ta ce a sauke. Ta ce ya zauna gida har wata ya rage, sannan ya tafi. Dalili kuwa ya tambayi matarsa, ba maganar uwa ba ce.

"Inna, duhu fa. Ayarin fatake ma ya wuce ke nan."

"Na san duhu hiye da kai," in ji ta.

Ya zauna. Ranar da zai tafi, ita da ba ta taɓa yi masa rakiya ba ta bi shi har bakin gari. Bai waiwayo ba, ita ma ba ta kira shi ba. Hamsatu ta zo ta kama hannunta, Dela ba ta ƙwace ba. Tsoro ya cika ta fal. Ta tsaya tana kallon bayan ɗanta har gero ya rufe shi, ta ƙi kallon jakan, don su ta san suna dawowa.