Tsallen Hadi na Huɗu

Ranar Alhamis da safe, saura kwana biyu gasar, Yusha'u ya fito zai tafi ofis sai ya jiyo kakarin amai daga banɗaki. Matarsa Hafsatu ta riga ta fita raka 'yarsu Walida makaranta. Ba kowa a gidan sai shi da ɗansa na fari.

Ya tura ƙofar. Hadi na durƙushe, ya dafa bango da hannu ɗaya, idanunsa a runtse.

"Lafiya? Me ka ci?"

"Ba komai, Abba."

Yusha'u ya kama kafaɗarsa zai ɗaga shi, hannunsa ya gogi ƙeyar yaron. Hadi ya zabura. Wani ƙullutu ne a cikin gashin, ya kai girman ƙwan kaza.

Shekara goma sha uku ke nan da Yusha'u ya baro Wudil ya zo Kuala Lumpur karatu da tallafin gwamnati. Karatu ya ja karatu har ya yi digirin digirgir, daga nan ya samu aikin bincike a jami'ar da ke kan titin Jalan Semarak, iyalin suka yi zamansu a wani gidan bene a unguwar Sri Petaling. Hadi na da shekara bakwai aka zo da shi. A makarantar firamare wani malami ya ga yadda yake alkafura a filin wasa, ya kai shi wurin masu koyon tsalle cikin ruwa. Yanzu shekararsa ashirin, yana kwaleji, kuma shi ne gwanin kwalejin a tsallen dandamali mai tsawon mita goma. Ranar Asabar za a yi gasar iyo da tsalle ta kwalejojin yankin, kuma biyun farko ne kawai za su wuce gasar ƙasa.

Sai da uban ya matsa sannan Hadi ya faɗi gaskiya, da Turanci kamar yadda ya saba. Jiya Laraba a wurin atisaye ya bugi gefen katakon tsalle. Kocinsu, wani Bamalaye ɗan ƙasar mai suna Adnan, yana wurin taron masu shirya gasa a lokacin, bai gani ba.

"To tashi mu je asibiti."

"In likita ya gani, sati uku ba zan taɓa ruwa ba. Doka ce. Koci da kansa zai cire sunana."

"Sai a cire."

Hadi ya ɗago. Da wuya ya haɗa jimla biyu da Hausa, kullum sai dai a yi masa Hausa ya amsa da Turanci ko Malayanci. Amma ran nan da Hausa ya yi maganar, yana laluben kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Abba, don Allah. Shekara biyu ina jira. Kada ka faɗa wa Umma. Kada ka faɗa wa kowa."

Yusha'u ya daɗe a tsaye. Ya san abin da ya kamata ya yi, ba sai an gaya masa ba. Amma akwai wani abu da ya riƙe masa baki. Shekaru ya yi yana haɗiye zolayar 'yan uwansa 'yan Najeriya a mamak, shagon shayin da suke haɗuwa bayan sallar Juma'a. "Dakta, yaya ɗan namu mai tsalle da ɗan kamfai?" Haka Malam Hambali kan ce, a kwashe da dariya. Sai a bana kwalejin ta buga hoton Hadi a shafinta, yana sama kamar an rataye shi a iska. Hambalin nan shi ya fara yaɗa hoton, shi ya tara mutum goma sha biyar za su zo kallo. Shi kansa Yusha'u ya aika wa 'yan uwa a Wudil ranar da lokacin.

"In Asabar ta yi kana jin jiri, ba za ka hau ba," ya ce. "Ka ji ni?"

"Na ji."

Ya ba shi ƙwayar maganin ciwon kai guda biyu, ya tafi ofis.

Asabar da safe Hadi ya ci burodi da ƙwai, ya ce garau yake. Da suka fito daga bene rana ta haske shi, ya kare fuska da jakarsa, ya ɗan tsaya. Yusha'u ya gani. Ya buɗe baki, sai ga Hafsatu ta fito da kular abinci tana cewa su yi sauri. Ya buɗe mota.

Zauren gasar ya cika maƙil. Warin maganin ruwa ya haɗu da zafi, ɗalibai na buga ganguna, kowace kwaleji da tutarta da launin rigarta. Da safe aka yi tseren iyo, ana ta busa usur, ruwa na tashi fari. Yusha'u bai bi ko ɗaya ba. Idonsa na can ƙarshen zauren, inda hasumiyar tsalle take tsaye a kan wani tafki mai zurfi, ruwansa shuɗi har ya yi duhu. Shi da ya tashi a bakin kogi, ya tsamo mutane ba ɗaya ba ba biyu ba lokacin da ruwa ya kawo, bai taɓa jin tsoron ruwa ba sai yau.

Bayan azahar aka kira maza masu tsallen mita goma. Su goma sha ɗaya ne, kowa zai yi tsalle shida, alƙalai biyar na zaune a gefe suna ba da maki.

Tsallen farko Hadi ya juya sau biyu da rabi, ya shige ruwa kamar an jefa allura. Malam Hambali ya miƙe tsaye yana ɗaga hularsa. "Ɗanmu ne! Wallahi ɗanmu ne!" Na biyu ma haka. A na uku ƙafafunsa suka ɗan buɗe, ruwa ya fantsama, amma duk da haka allo ya nuna shi ne na biyu. Hafsatu ba ta kallo sai ya fito daga ruwa. Tana sunkuye tana jan carbi, Walida na gaya mata maki.

Kafin zagaye na huɗu Koci Adnan ya zo bakin ƙarfen da ya raba 'yan kallo da fili. Mutum ne gajere mai furfura, da tawul a wuya. Ya yi wa Yusha'u sallama, ya rage murya.

"Dakta, yau yaron ya yi shiru da yawa. Na tambaye shi ya ce ba komai. Ya yi barci sosai kuwa? Ba abin da ke damunsa a gida?"

Hambali da sauran suna jin su. Hafsatu ma ta ɗago kai.

"Lafiyarsa lau," in ji Yusha'u. "Fargabar gasa ce."

Kocin ya gyaɗa kai ya koma.

Tsalle na huɗu shi ne wanda ake farawa da tsayuwa a kan hannu. Hadi ya hau matakala a hankali, yana riƙe da ƙarfe. Ya zo bakin dandamali, ya goge tafukansa, ya dafa, ya ɗaga ƙafafu sama. Zauren ya yi tsit. Ya kamata ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya tura jikinsa waje. Sai ƙafafun suka karkata dama. Ya dawo da su. Suka sake karkata. Yusha'u ya ga hannun hagu ya lanƙwashe.

Ƙarar da ƙeyar ta yi a gefen dandamalin kowa ya ji ta. Jikin ya faɗo ba tsari, hannu ɗaya a sake, ya daki ruwa da gadon baya.

Yusha'u bai san ya tsallake ƙarfen ba. Shi da bai taɓa kiran sunan ɗan fari a gaban mutane ba, sai ga shi yana gudu a kan jiƙaƙƙen tayil da kaftani, yana ihu, "Hadi! Hadi!" Masu ceto biyu sun riga sun faɗa. Wani mai gadi ya rungume shi ta baya, Koci Adnan ya tare gabansa da hannu biyu.

"Kada ka taɓa shi! Wuyansa! Ka bar su!"

Yana tsaye yana kallo aka tura wani dogon allo ƙarƙashin yaron a cikin ruwa, aka ɗaure masa kai da wuya, aka fito da shi a hankali. Ruwan wajen ya yi ja-ja, sannan ya washe. Idanun Hadi a buɗe suke kaɗan, amma ba sa kallon komai.

A asibiti aka ajiye su a wani dogon baranda mai sanyi. Yusha'u, Hafsatu, Walida, Hambali, da kocin da har yanzu tawul na wuyansa. Wajen la'asar wata likita ta fito da hoton kai a hannunta, ta tambayi iyayen.

Ta ce wuyan bai karye ba. Amma jini ya taru a cikin kai, dole a yi aiki yanzu-yanzu. Sannan ta nuna wani wuri a hoton da bakin biro.

"Wannan na yau ne. Wannan kuma ba na yau ba ne, ya kwana biyu ko uku. Ya taɓa buguwa a kai cikin satin nan?"

"A'a," in ji Hafsatu da sauri. "Da mun sani."

Koci Adnan ya girgiza kai. "Ba a gabana ba."

Likitar ta dubi Yusha'u. Zai iya cewa bai sani ba, kuma ba wanda zai ƙaryata shi, don mutum ɗaya da ya sani yana kwance a ciki ba ya magana.

"Ranar Laraba," ya ce. "A wurin atisaye. Alhamis ya yi amai. Na gani."

Likitar ta rubuta, ta ba shi takarda ya sa hannu, ta koma ciki. Kocin ya zare tawul ɗin daga wuyansa, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Hambali ya ja Walida suka matsa can nesa.

Hafsatu ba ta ɗaga murya ba.

"Abban Walida, ka gani?"

"Na gani."

"Kuma mutumin nan ya zo ya tambaye ka a gabana."

"Shi ya roƙe ni kada in..."

"Shi yaro ne. Kai fa?"

Ta ɗauki jakarta ta koma kujerar ƙarshe.

Aikin ya yi awa huɗu. Daga baya Yusha'u ya ji cewa an tsayar da gasar na awa ɗaya, aka wanke gefen dandamalin, aka ci gaba. Wani ɗalibi daga jihar Selangor ya ci zinare. A takardar sakamako sunan Hadi na ƙasa, da makin tsalle uku.

Kwana tara Hadi ya yi bai farka ba. Da ya farka, hannun hagu da ƙafar hagu ba sa jin umarninsa, maganarsa kuma ta zama a hankali, kamar mai ɗauko kowace kalma daga nesa. Likitoci suka ce zai yi tafiya da sanda in an dage da gashin ƙashi da motsa jiki. Tsalle kuwa, ba wanda ya ma ɗauko zancen.

Kwalejin ta kafa kwamitin bincike, aka dakatar da Koci Adnan. Yusha'u ya je da kansa, ya tsaya gaban mutum biyar, ya maimaita abin da ya gaya wa likita. Ya ƙara da cewa kocin ya tambaye shi, shi ne ya yi masa ƙarya. Aka mayar da kocin aikinsa. Sun haɗu a bakin ƙofa, Adnan ya ba shi hannu, amma bai dube shi ba.

Yusha'u ya daina zuwa mamak. Hambali ya zo gida sau biyu da lemo da ayaba, ya zauna yana juya hula a hannu. 'Yan Wudil aka ce musu hatsari ne a wurin wasa. Hafsatu na dafa abinci, tana ajiye wa Yusha'u nasa a rufe, tana gaya masa lokacin magani da ranar komawa asibiti. Bayan wannan ba ta da wata magana da shi.

Wata uku bayan nan, wata Lahadi da hantsi, Yusha'u na zaune a ƙasa yana murza wa Hadi tafin ƙafa kamar yadda aka koya masa. Hafsatu na kicin, ƙofa a buɗe. Hadi bai tuna komai na satin gasar ba, daga Talata sai farkawa a gadon asibiti. Ya ɗan jima yana kallon kan ubansa.

"Abba. Me ya sa Umma ba ta yi maka magana?"

Ƙarar wanke-wanke ta tsaya a kicin.

Yusha'u ya gaya masa duka. Banɗakin, ƙullutun, ƙwayoyin nan biyu, hasken ranar Asabar, tambayar koci. Bai rage komai ba, bai kuma ce "kai ka roƙe ni" da nufin kare kansa ba, ya dai faɗe shi a inda ya faru.



"Na nawa nake," in ji Hadi a hankali, "kafin in faɗo?"

"Na biyu."

Yaron ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya ya shige kunnensa. Can ya ce yana son ya shiga banɗaki. Yusha'u ya miƙe, ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin hannun da ba ya motsi, ya ɗaga shi. Nauyin ya rinjaye su, suka yi tangaɗi. Hafsatu ta fito da jiƙaƙƙen hannu ta kama ɗaya gefen, suka taka da shi a hankali, ba wanda ya dubi wani.