Tsokana Ce, Sha Ruwa

Tun kafin mota ta fita daga tashar Kaura Namoda Sirajo yake danna waya yana neman goge bidiyon, sabis kuwa ya ce bai san zancen ba. Ko da ya gogu ma wahalar banza ce, don bidiyon ya riga ya bar hannunsa, ya shiga wayar duk wanda yake da data daga nan har Zurmi.

"Ka bar wahal da yatsanka," in ji Kawu Faruku, ƙanin mahaifiyarsa, da aka matse su tare a kujerar gaba. "In mun isa Shinkafi ka durƙusa ka ce ka yi kuskure. Shi ke nan."

"Kawu, ai da na ce kuskure na amsa laifi ke nan. Ni kuwa tsokana na yi."

Kawu ya dube shi, ya gyara hula, ya mai da kansa ga hanya.

Sirajo yana da shagon gyaran waya a bakin tasha, amma wannan sana'ar ta cin abinci ce kawai. Sana'arsa ta gaskiya tana Fesbuk. Shi ne ya ɗauki hoton rigar da tela Jabir ya ɗinka hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya rubuta cewa telan yana ɗinka wa aljanu. Shi ne ya sa giɓin wata mai waina a gaban duniya, har baiwar Allah ta koma ba da canji baki a rufe. Duk wanda ya nuna ɓacin rai kuwa amsa ɗaya yake samu: "Tsokana ce, sha ruwa." Ya faɗe ta har ta zama sunansa, samarin gari suna kiransa Sirajo Sha-Ruwa, shi kuma yana amsawa da ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Ranar Alhamis da ta wuce ya je kasuwar Shinkafi sayen tsofaffin wayoyi. Yana ratsawa ta kara, inda ake cinikin dabbobi, sai ga wani tsoho da ƙaton rago, ya nannaɗe igiyar a hannu. Wani babur ya yi ƙara, rago ya zabura, tsoho ya bi shi ba da son ransa ba. Ana cikin haka mazagi ya tsinke. Tsoho ya riƙe wando da hannu ɗaya, igiya da ɗaya, daga ƙarshe ya rasa duka biyun, ya zube a gaban masu sayar da nono. Mutane sun ruga sun ɗaga shi. Sirajo shi ma ya ruga, amma don ya samu wurin da hoton zai fi fita. Da ya koma shago ya ɗora kiɗan kalangu a kai, ya rubuta: "Ƙauye ya shigo gari, wando ya koma gida."

Bai taɓa yin abin da ya karɓu irin wannan ba. Yana cikin jin daɗinsa jiya Firdausi ta kira shi, yarinyar da ya shekara biyu yana zarya Shinkafi dominta, wadda iyayensa ke jiran a ba su ranar zuwa gaisuwa.

"Sirajo, tsohon da ka sa wa kiɗa kakana ne," ta ce. "Malam Muhtari. Shi ya haifi babana. Kwanan nan aka dawo da shi daga Galadi saboda halin rashin tsaro da hanya take ciki. Kuma Baba ya ce maganar aurena tana hannunsa."

"Haba Firdausi, ai tsok..."

Ta kashe wayar.

Yanzu ga shi a mota, cikin farar shaddar da ya tanada don ranar gaisuwa. Ba su yi nisa ba sai kiɗan kalangu ya tashi daga kujerar baya. Wani fasinja ne ya kunna, ya miƙa wa na kusa da shi, mota ta ɗauki dariya. Direba har da dukan sitiyari.

"Wallahi wanda ya haɗa wannan shaiɗani ne!" in ji direban.

"Marar tarbiyya dai," wata mata ta ce daga baya. "Allah ya haɗa shi da daidai shi."

Kawu ya ce amin da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

A nan ne dabara ta faɗo wa Sirajo, har ya ji iska ta shige shi. Ya matsa kusa da kunnen Kawu.

"Kawu, kakanta ne fa. Kaka! Ai kaka da jika wasa ke tsakaninsu. Shi yana kiranta matarsa, ni kuma mai ƙwace masa mata. Ke nan ni abokin wasansa ne. Wa ya taɓa jin an kama jika da laifin tsokanar kakansa?"

"Lokacin da ka ɗauka, ka san kakanta ne?"

"Wa zai tambaya?"

"Ni dai rakiya aka ce in yi," in ji Kawu.

Abin da suka fara gani a ƙofar gidan shi ne ragon, a ɗaure a turke yana tuƙa, ko a jikinsa. A zaure suka tarar da Malam Muhtari zaune a kan buzu, ɗan tsamurmurin tsoho mai farin gemu, da ƙujewa a gwiwar hannu wadda ta fara bushewa. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi damina da mutanen Kaura. Da gaisuwa ta ƙare Sirajo bai jira Kawu ba. Ya saki fuska, ya yi murmushin da yake yi wa waya.

"Kaka, ni ne fa Sirajo. Ni ne mai shirin raba ka da amaryarka Firdausi. Na ga kana ta riƙe ta, shi ya sa na ce bari in fara kayar da kai a kasuwa. Wasan jika ne, Kaka."

Tsoho ya ƙura masa ido. Kawu ya sunkuyar da kai yana karanta abin da ya sawwaƙa. Can sai Malam Muhtari ya fashe da dariya, har yana dafa ƙasa.

"Ashe kai ne ɗan ƙwacen! Kai, amma ka iya! Kiɗan ga da ka sa, wallahi kamar da shi nike gudun. To ai ba komi, jikana. Wasa ne."

Sirajo ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Ya saci kallon Kawu, ya ɗaga masa gira. Kawu da kansa ya yi mamaki, amma da ya ga ƙofa ta buɗe sai ya shiga.

"To Alhamdulillahi, Malam. Dama iyayensa sun ce in ji masu ranar da za su zo gaisuwa, tunda an ce maganar yarinyar tana hannunka."

Tsoho ya sake kecewa da dariya, wannan karon har da tari.

"Har da kai, Malam Faruku? Da girmanka ya jawo ka cikin wasan? Kai, yaron ga ba shi da dama!"

"A'a Kaka," Sirajo ya ce da sauri, "wannan maganar da gaske ce."

"Ai na sani, na sani. Bara ma wani jikana ya ce zai sai mani jirgin sama. Da irin wagga fuska taka ya faɗi."

"Wallahi, Kaka..."

"Bar rantsuwa, ba a rantsuwa cikin wasa. Ci gaba dai, ina jin daɗi. Nawa za ka ba da sadaki? Ragon can?"

Sirajo ya gyara zama. Ya yi bayanin shagonsa, tsoho ya yi dariya. Ya ambaci ɗakin da ya gina ya shafe da siminti, tsoho ya share hawaye ya ce a daina, cikinsa zai ƙulle. Ya sassauta murya, ya ce shekara biyu ke nan ba ya ganin kowace mace sai Firdausi, tsoho ya tafa hannu ya ce wannan ya fi na wandon. Gumi ya jiƙa farar shadda. Duk inda Sirajo ya juya maganar, dariya ce take tare shi, kuma ba shi da bakin ƙorafi, don shi ya kawo ta.

Aka yi sallama daga cikin gida. Firdausi ce ta shigo da kwanon ruwa, ta durƙusa ta gaida Kawu, ta ajiye. Ko inda Sirajo yake ba ta duba ba.

"Matata, zo ki ji," in ji tsoho. "Ga wani ɗan wasa ya zo tun daga Kaura, wai aurenki yake so."

"Ai haka yake, Kaka," ta ce. "Kowa ya san shi da tsokana."

Ta tashi ta koma ciki. Wannan ta fi duk dariyar tsohon yi wa Sirajo ciwo, ya ji tsoro na gaske ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba: yarinyar nan za ta kuɓuce masa yana ji yana gani, kuma ana dariya. Malam Muhtari ya tura masa kwanon da ɗan yatsa.

"Na ga kana zufa, jikana. Sha ruwa."

Sirajo bai taɓa kwanon ba. Ya sauka daga kan tabarma, ya durƙusa a ƙasa, ya cire hula.

"Baba, ba wasa ba ne. Ban san ka ba lokacin da na ɗauka. Ban san kai kakan kowa ba ne. Na ga ka faɗi, na ɗauka don a yi maka dariya a yabe ni. Maganar jika a mota na ƙirƙiro ta."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar tsohon kamar ba a taɓa yin ta ba.

"Na sani," ya ce. "Jika in ya ga wandon kakansa ya faɗi cikin kasuwa, rigarsa yake tuɓewa ya kare shi. In anka dawo gida, nan ne zai tsokane shi har shekara, kuma kakan ya rama." Ya shafa ƙujewar hannunsa. "Juma'ar da ta wuce a ɗaki na yi azahar. Na fito za ni masallaci, yara sunka bi ni suna yi mani kalangu da baki, sai na komo. Na baro Galadi, na bar gona, na bar rumbu. Ban taho da komi ba sai ragon ga da mutuncina." Ya nuna ƙofa da haɓa. "Ragon dai ga shi nan."

Daga waje ana jin ragon yana jan igiya.

"Baba, ka yafe mani."

"Ni na yafe. Amma ba a zaure ka kayar da ni ba. Mutanen da ka tara su yi mani dariya, tafi ka gaya masu abin da ka gaya mani yanzu. Ranar da sunka yarda da kai, turo iyayenka."

A ƙofar gidan Sirajo ya ba Kawu waya ya riƙe masa, ya tsaya kusa da turke. Ya faɗi sunansa, ya faɗi abin da ya yi, ya ce ba tsokana ba ce, cin mutunci ne, ya roƙi duk mai bidiyon ya goge. Ya ambaci tela Jabir da mai waina. Yana tsakiyar magana hawaye suka zubo, kuma na gaske ne. Ragon kawai ya ɗan ɓata aikin, don ya miƙo wuya yana taunar gefen shaddar.

A tashar Shinkafi sabis ya kawo, ya tura. Kafin mota ta cika amsoshi sun fara shigowa.

"Hhhh Sha-Ruwa ya canza salo!"

"Kukan nan da albasa ka yi shi ko da rob?"

"Wallahi ragon ya fi ka iya wasa."

"Oga muna jiran na gaba, kada ka daɗe."

Sirajo ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ya rantse da Allah da gaske yake. Nan take mutum goma sha wani abu suka turo fuskar nan mai dariya har da hawaye, wani kuma ya rubuta masa: "Mun gane, tsokana ce. Sha ruwa."

Ya kifa wayar a cinya. Ta yi ƙara, ya ɗaga ba da son ransa ba. Saƙo ne daga Firdausi: "Na gani. Ni na yarda. Saura su."

Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya juya wajen direba, wanda shi ne dai ya kawo su da safe.

"Direba, bidiyon tsohon nan da rago da kuka kalla ɗazu, ni na yi shi. Kuma ba wasa ba ne, zalunci ne. Ina so ka goge shi daga wayarka."

Direba, wanda sabon bidiyon ya riga ya iso wayarsa, ya dube shi, ya dubi shaddar da rago ya tauna, ya dubi jajayen idanunsa. Sai ya leƙa ta taga ya ƙwala wa 'yan kamasho kira.

"Kai, ku zo ku gani! Sha-Ruwa ne da kansa a motata! Yi mana irin kukan nan, don Allah, bari in kunna waya."