Hannun Marigayiya a Kan Tanki

Gaggawa ake ce masa, don bai taɓa jin magana har ƙarshenta ba. Mai aski ne, kuma ko a shago sai ya sauke rabin sumar mutum sannan yake tambayar irin askin da ake so.

Ranar da surukinsa zai kwanta asibiti a cire masa yanar ido, tsohon ya turo babur ɗinsa garejin gidan su Gaggawa ya jingine. Ya ce a riƙa tayar da shi kada batir ya mutu, a riƙa goge ƙura, amma fa tankin... Gaggawa ya ce an gama, Baba, ya wuce.

Tankin na alminiyam ne. Fentin ƙyallin nan marar launi da aka fesa masa tun zamanin da ya koma rawaya kamar haƙoran mashayin taba, yana ɓarewa a gefe. A tsakiyarsa kuma ga wani tabo, sawun tafin hannu raɗau, yatsu biyar a baje. Gaggawa ya ce ƙazantar mai fenti ce. Tun da ya auri Auta tsohon bai taɓa yaba masa ba, ko askinsa ba ya yarda ya yi. To ga dama ta samu: mutum zai dawo da sabbin idanu, ya tarar da sabon tanki.

Mai fenti na bakin titi ya sayar masa da sinadarin cire fenti da gwangwanin feshi. Ya gargaɗe shi kada ya kusanto da soda, tana cin alminiyam ta mayar da shi baƙi, kada kuma ya sa burushin waya, da roba ake kankarewa. Wannan kam Gaggawa ya ji, don an riƙe canjinsa sai da aka gama bayani.

Ya kwance tankin, ya juye man, ya ɗora shi kan tsohuwar taya. Ya sa safar hannu ya lafta sinadarin da burushi. Kafin ya miƙe, fentin ya fara kumbura yana yamutsewa kamar fatar da ta sha ruwan zafi. Ya sa gutsuren roba yana turawa, abin yana naɗewa yana zuba kan jarida. Sawun hannun shi ya fara bi. Ya wanke, ya bi da sanfefa mai laushi da ruwa, ya murza da tsumma har ya hango gashin hancinsa a jikin ƙarfen. Sai ya fesa sabon ƙyalli, ya ja baya yana yi wa kansa kirari.

A nan Auta ta same shi, warin fenti ne ya jawo ta. Ta dubi tankin, ta dubi jaridar.

"Ina hannun Mamata?"

Ya ce wane hannu. Ta gaya masa, muryarta ƙasa-ƙasa, irin wadda ya fi tsoro. Ranar da aka fesa wa tankin fenti, Baba ya tare a gindinsa ya manta da ɗauko su daga makaranta. Mama ta fito ta wanke shi tas, ta buga hannu kan ɗanyen fenti don maganar ta zauna. Tun rasuwarta, kullum sai ya dafa wurin kafin ya tayar da babur. Har ƙanen Baba ya nemi ya gyara masa kyauta, suka yi shekara ba sa ga maciji.

Gaggawa ya durƙusa yana tona tarkacen jarida, ko Allah zai sa a samu ko ɗan yatsa ɗaya. Babu sai dunƙulen ƙazanta. Ya ce to ko a ce wa Baba ɓarayi ne. Ta tambaye shi ɓarayin da ke shiga gida su goge tanki su tafi, a wane gari suke. Ya ce to ya sa nasa hannun. Ta ce hannun nan nasa mai kama da faranti, ko makaho ba zai ruɗa ba, balle wanda aka wanke wa ido.

Sai bakinsa ya riga hankalinsa, kamar kullum. Ya ce ai dai ita marigayiyar ba a cikin fenti take kwance ba.

"Kai dai wallahi ba ka da kai," in ji Auta, ta ɗaga hannu ta maka wa abin da ya fi kusa da ita.

Tankin ne. Da ta ɗago, tafinta ya yi danƙo, ga yatsu biyar a baje a tsakiyar sabon fenti. Suka tsaya suna kallo. Gaggawa ya miƙa hannu zai ɗauki tsumma, ta ce in ya taɓa sai dai ya nemi wurin kwana a shago.

Da aka sallamo Baba, ko ɗaki bai shiga ba ya nufi gareji, da baƙin tabarau a fuska. Gaggawa na biye da shi. Tsohon ya cire tabarau ya zagaya babur. Ya daɗe a kan sawun, sannan ya ɗora tafinsa a kai.

"Na uwar Auta ya fi wannan faɗi," ya ce. "Me ka yi mata?"

Gaggawa ya fara rantse-rantse, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya ce ba sai ya faɗa ba, ya san irin bugun nan, ba a yin sa sai namiji ya yi maganar banza. Shi ya sha nasa har ya gode Allah, yanzu layi ya zo kan wani. Ya zaro makulli daga aljihu ya cilla masa.

"Riƙe. Mai hannun ce ke da babur, kai direba ne. Kuma kada ka ƙara gogewa, don za ta sake buga wani, ba lallai a kan tanki ba."

Gaggawa ya buɗe baki zai ce an gama, sai ya rufe, ya jira ko akwai saura.